Jajen da Na Yi wa Mai Gadi

Shekara huɗu na yi ina tuƙa wani ma'aikacin jakadanci a Riyad, kuma in ka cire "to, ranka ya daɗe" da nake ce wa maigida, da mutum ɗaya kawai nake hira. Mai gadin gidan ne, ɗan ƙasar Nepal, gajere, mai yawan dariya. 'Yan uwana Hausawa suna can unguwar Shumaisi, sai Juma'a nake ganinsu, ita ma ba kowacce ba.

Larabcinmu duk na kasuwa ne, nawa gurgu, nasa ma ba a magana. "Sadiki", wato aboki, muke kiran juna. Da la'asar nakan zauna a ɗakin gadinsa, ya zuba mini shayi mai madara, ya ciro waya ya shiga nuna mini ƙasarsu: duwatsu masu farar ƙanƙara a ka, daji mai karkanda, da tsohon dandalin garinsu mai ɗakunan bauta na jan bulo, rufi bisa rufi. Akwai wata tagar itace mai sassaƙa a jikin ɗaya daga cikin ɗakunan da ya yi ta nuna mini har na haddace ta. Ni kuwa sai in tsokane shi, in ce duk wannan sanyi ya baro ya zo nan rana tana gasa shi kamar tsire.

Ranar da girgizar ƙasa ta afka musu, na dawo daga aike na tarar da shi a tsugune. Matarsa da 'ya'yansa sun tsira. Amma ɗakin bautar nan ya zube, har da tagar.

Na yi masa jaje irin namu. Na ce, "Sadiki, ka gode wa Allah. Tunda ba a rasa rai a gidanka ba, sauran ai itace ne da bulo." A raina ma cewa nake, ƙato da kai kana hawaye a kan ɗakin gumaka.

Ya tashi ya shige ɗakinsa. Washegari ya buɗe mini ƙofa, na shigar da mota, ya rufe, ya koma ɗakinsa, ba hira ba shayi. Haka muka yi wata biyu. Na ji haushi sosai. Ni da na yi masa jaje, me kuma yake so? Na koma cin abinci a mota ni kaɗai. Kaɗaicin ya dame ni ƙwarai, girman kai ne ya hana ni tambaya.

Da ya samu izinin komawa gida, ni aka sa na kai shi filin jirgi. Sai da muka kusa isa ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Babana ne ya sassaƙa tagar nan, lokacin da aka yi wa ɗakin gyara. Mu ƙona mamatanmu muke yi, sadiki, ba mu da kabari. Wajen tagar nake zuwa in gaishe shi."

Na lalubi kalmar ban haƙuri a ɗan Larabcina, ban samu wadda za ta isa ba. Na sauke masa jakarsa, ya miƙo hannu muka gaisa, ɗan sanda yana ta daka mini tsawa in gusar da mota.