Tabon da ke cikin zoben Hajiya

Mahaifina hatsi yake sayarwa a kasuwar Lolo, amma akwatin ƙarfen da ke ƙuryar shagonsa ya fi buhunan suna. Nan mutane ke kawo ajiya: takardar gona, awarwaron gado, har wasiyya. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya kwance ƙunshin kowa. Yadda ka ɗaure, haka za ka tarar.

Wata Hajiya mai fataucin atamfa daga ɓangaren Benin ta bar masa zobe mai dutsen lu'ulu'u, tare da takardar shaidarsa. Allah ya yi mata rasuwa. Bayan arba'in ɗiyarta ta tsallako ran kasuwa don ta karɓa. Ta kwance ƙunshin a bainar jama'a, ta ɗaga zoben ga rana, sai ta hango wani ɗan baƙin ɗigo cikin dutsen. Nan take ta ce an musanya. Wai uwarta ta sha gaya mata dutse mai takarda ba ya da aibi.

Lokacin ina koyarwa a Bagudo, sai kwana na uku labari ya iske ni. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Na hau mashin ina ta shirya baƙaƙen maganganun da zan zazzage mata. Amma da na ga Baba, duk suka gudu. Ya zabge, ko fura ya kasa sha. Mutum biyu ma sun riga sun zo sun karɓe ajiyarsu, wai bukata ce ta taso. Bukata ke nan! Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na iske matar a masaukinta, na ce ta ba ni takardar. Ashe duk wannan ƙura babu wanda ya karanta ta. Da Ingilishi aka rubuta, ita kuwa bokon Faransanci ta yi. Ɗakin gwaje-gwajen da ya auna dutsen ya rubuta nauyinsa da launinsa da irin yankansa. A ƙasa an zana hoton dutsen, an sa jan ɗigo kusa da gefe. Ban ga yabo ko ɗaya ba, abin da suka gani kawai suka faɗa, har da aibin.

Muka nufi rumfar wani Bayerabe mai gyaran agogo, ya ara mana ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Na ce, "Bismilla, duba da kanki, kada ki ce na yi son kai." Ta duba dutse, ta duba takarda, ta sake dubawa. Ɗigon na nan daidai inda aka zana shi.

Gaskiya ba ta yi gardama ba. Ta durƙusa gaban Baba a tsakiyar kasuwa tana kuka, ta ce, "Baba, na zalunce ka." Ya ce ta tashi, ya yafe duniya da lahira. Ni dai ban yafe da wuri haka ba, sai da na ɗan yaɓa mata magana.

Bayan la'asar muna zaune bakin shago, ina jiran ya sa mini albarka, har ina ɗan hura hanci. Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ɗiyata, ke ma ki yafe mini."

Na ce, "Baba, mi ka yi mini?"

Ya ce, "Ita ba ta san ni ba, shi ya sa ta zarge ni. Ni kau na san ki tun ranar da aka haife ki. Amma kwana ukun nan da na kasa cin abinci, ba maganar mutane ta hana ni ba. Bayan ni, ke kaɗai kika san inda nake aje mabuɗin akwatin."

Sai a lokacin na gane, ashe ni ya zarga a ransa.