Kawu Isiyaku da Zaɓen Kan Jirgi

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ya san Kawu Isiyaku ba ya karɓar abu sai ya ƙwanƙwasa shi ya ji. Akwai wata 'yar guduma da ba ta rabuwa da aljihunsa, ba ta fi cokalin shayi ba. Aikinsa ke nan a reluwe har ya yi ritaya: jirgi ya tsaya a tashar Zariya, shi kuma ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana bugawa yana kasa kunne. In ƙafa ta yi ƙara tangaran, lafiya lau. In muryarta ta dishe, akwai tsaga. To, aiki ya sallame shi, shi dai bai sallami aiki ba. Kankana, tulu, gadon da za a kai wa amarya, duk sai sun sha guduma. Ka ce masa, "Kawu, ai da gani mai kyau ne," ya ce, "Ido maƙaryaci ne."

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, don haka na sha fama. Ranar da Bashir, mijina na yanzu, ya zo gaishe shi a wata mota mai sheƙi, Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya zagaye motar yana bugun tayoyi, Bashir na biye da shi yana haɗa zufa.

"Yaro, motar nan ta aro ce."

"Kawu, a taya ka ji?"

"Taya ba ta ce komai ba. Kai ne duk bugun da na yi sai ka zabura."

Wallahi ranar kamar ƙasa ta tsage in shige!

Ga shi ba ya iya zama wuri ɗaya. Kafin hantsi ya taka Sabon Gari ya dawo, ya leƙa Tudun Jukun, ya gyara wa mai injin markaɗe abin da bai ce ya lalace ba. Ɗansa Nura, taubashina, da ke aiki a Ingila, ya ce shi ya samo maganin yawon. Sai ya aiko da 'yan siraran layin dogo da ƙananan taragu, irin na wasan da dattawan can suke shimfiɗawa a ɗaki, a sa wuta jirgi ya yi ta zagaye. Ya ce kan jirgin da zai ja su kuwa, Baba ya zaɓa da kansa. Nura, Allah ya shirye ka, kai ka ja mana!

Kawu ya kafa katako ya cinye rabin ɗakin Inna Rabi, matarsa. Ya gina tashar Zariya da kwali, ya mulmula Dutsen Kufena da laka, ya ɗaura gadar Kubanni da tsinken tsintsiya. Abu ya yi kyau, har maƙwabta na sallama don su gani. Amma taragu na tsaye cik, babu kai. In jika ya miƙa hannu zai tura, sai ka ji tsawa: "Kul! Jirgi ne, ba amalanke ba."

Matsalar ita ce, a duk Zariya ba a sayar da irin wannan kan jirgin, sai dai a zaɓa a waya Nura ya aiko. Yaya za a yi mutum ya ƙwanƙwasa hoto? Ni ce mai riƙe waya. Duk Asabar ina tahowa daga Hanwa, ga kuma Baba Yohanna, amininsa, tsohon direban jirgi, ya hau acaɓa daga Wusasa don kawai ya sa baki.

"Isiyaku, ɗauki mai kwal. Jirgin da ba ya hayaƙi ai ba jirgi ba ne."

"Hayaƙin ne ya dafa maka ƙwaƙwalwa. Ni mai dizal nake so, wanda na sani ya san ni."

Na nuna masa wani kore. Ya ce hancinsa ya yi tsawo. Na nuna ja, ya ce wannan na 'yan birni ne, ba zai iya kayan gyaɗa ba. Kayan gyaɗa, jama'a, a tarago mai girman kwalin ashana! Da na ga ya daɗe yana kallon wani shuɗi, na fara hamdala a zuci, sai na ga hannu ya nufi aljihu. Kafin in janye, ƙwas! Gilashin wayata ya tsage gida biyu.

"Kin ji ko?" in ji shi. "Ba shi da ciki."

Ranar na yi fushi na gaske, na ce na daina zuwa. Asabar na zagayowa na ga kaina a keke napep na nufi gidansa.

Sai aka shiga rigimar ƙafafu. Zuciyarsa na kan babba, mai jerin ƙafafu da yawa, amma ya auna da zare ya ga ba zai sha kwanar da ke gefen gadon Inna ba. Ƙarami zai sha, sai dai wai ƙarami na jan kaya ne a cikin tasha, bai kai ya tafi Gusau ba. Ya yi ta safa da marwa a tsakar gida, hannu a baya, sannan ya tsaya a bakin madafa.

"Rabi, in aka fitar da gadon nan, kwanar za ta buɗe."

Inna ba ta ɗago daga tuƙin tuwo ba. "Malam, gadon nan ya riga jirginka zuwa gidan nan. In akwai mai fita, ka san shi."

Haka shekaru suka yi ta tafiya muna dariya. Dariyar ta ƙare lokacin da ciwon suga ya fara cin idonsa. Ya koma lalube, ƙafa ta kumbura, mutumin da ba ya zama ya zama na kan tabarma. Na ji tsoro ƙwarai, kada bawan Allahn nan ya tafi bai ga taragunsa sun motsa ba. Na ce, "Kawu, don girman Allah ka zaɓi ko wanne ne." Ya ce, "Dije, ba a gaggawa a kan dogo."

Rannan Nura ya turo bidiyo daga wani shago a can. Mai shagon ya tayar da wani ɗan kan jirgi mai dizal, irin wanda ake sa wa murya. Na kunna ba da wata fata ba. Inji ya yi tari, ya kama, ya shiga gurnani ƙasa-ƙasa. Kawu ya tashi zaune.

"Sake."

Na sake. Ya manna wayar a kunne.

"Shi ne. A aiko."

"Kawu, ba ka tambayi launinsa ba. Ƙafafun fa?"

"Ke dai kin cika surutu. A aiko, na ce!"

Daga ranar, mutumin da ya shanya mu shekara da shekaru ya hana kowa sakat. Ko mai tallan ƙosai ne ya yi sallama, sai ya ce, "Saƙon ne?" Ya kira Nura ya ce masa malalaci. Ran da kwalin ya iso, da la'asar, aka ɗauke wuta muna cikin buɗewa. Kawu ya dinga salati yana dukan katifa: "Ku nemo wuta! Ku kuna da lokaci, ni ba ni da shi!" Bashir ya ruga ya ciccibo janareton mai aski, aka aika acaɓa ya ɗauko Baba Yohanna, don Kawu ya ce ba mai tuƙa masa jirgi sai direba.

Aka ɗora kan jirgin a layi, Baba Yohanna ya murɗa makunnin wutar a hankali. Taragu suka girgiza, suka bi. Jirgi ya haye gadar tsintsiya, ya ratsa gindin Kufena, ya sha kwanar gadon Inna lafiya lau. Kawu na kwance, ido a rufe, yana ta faɗa: "Rage gudu, Yohanna, tasha ce a gabanka! Tun muna samari haka kake!" Baba Yohanna na dariya, hawaye na bin gemunsa.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Can ta ce, "Oh ni Rabi! Na tsufa a gidan ɗan reluwe, ban taɓa shiga jirgi ba."

 Kawu ya lalubi gefen katifa ya daddaɓa. "Zo ki zauna. Ai ga shi na kawo miki har ɗaki."

Ta zauna. Ba su tashi ba har man janareto ya ƙare.

Bai kai ƙarshen watan ba. Ya Allah, ga Kawu Isiyaku nan ya iso gare Ka. Ya riƙe mu da amana, bai taɓa barin mu da yunwa ko maraici ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba shi hutun da bai taɓa yarda ya yi a duniya ba. Ka sanyaya zuciyar Inna Rabi. Amin.