Direban da ya haramta "yanzu za mu dawo"

A tashar motocin kwasar kaya akwai wani tsoho da ake kira Baba Tsawa. Shekara talatin ke nan yana kwashe wa masu tashi kayansu, kuma da wuya a sami gidan da ya bari ana sa masa albarka. Bakinsa reza ne. In ya ga katifarka sai ya tambaya ko akuya ce ke kwana a kai.

Dokarsa guda ce: ba a yi wa yaro ƙarya a motarsa. Shi yana ɗan shekara shida aka ce masa yini za su, ya bar ƙwallonsa na tsumma a bayan ƙofa. Har yau, in ji shi, yinin nan bai ƙare ba.

Wata safiya ya je kwasar kayan wani tela. An ɗora gado da keken ɗinki, an ja igiya, sai 'yar telan mai shekara biyar ta rungume ƙyauren ɗaki ta ƙi saki.

"Taho, uwata," in ji telan, "yanzu za mu dawo."

Baba Tsawa ya kashe mota, ya sauko.

"Kai mai allura, da gadon za ku dawo?"

"Baba, kaya na kira ka ka kwasa, ba tarbiyya ba."

"To sauke abinka. Ƙaryar da kake yi wa masu ɗinki ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da 'yar cikinka?"

Ya durƙusa gaban yarinyar, gwiwa na ƙara. "Ke tsohuwa, ba za ku dawo ba. Ɗakin nan ya zama na wasu."

Yarinya ta ɓarke da kuka. Telan ya ci kwalarsa, uwar yarinyar ta ce tsufa dai bai yi rana ba. Baba Tsawa ko gezau. Sai da kukan ya lafa ya tambayi yarinyar me za ta bari a ciki. Ashe gwangwanin murafun kwalba ne ta ɓoye bayan ƙyauren. Ya sa ta ɗauko, ta yi wa ɗakin sallama, ya zaunar da ita a gaba.

"Buɗe ido ki riƙe hanya. Ga mai faci, mun karya dama. Ga famfo. Duk ranar da kika yi kewa, kin san inda tsohon gida yake."

Da suka isa, ya hana a sauke ko tsinke sai da ta zaɓa wa gwangwaninta lungu.

Telan bai gode ba. "Ko gawata ba za ka ɗauka ba," in ji shi.

"Da na fi son ta, ita ba ta ƙarya."

Ya ja motarsa. A cikin ɗaki kuwa yarinyar na karanta wa uwarta hanya: mai faci, dama, famfo.