Ranar da Na Kai wa Inji Manda

Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ƙarar famfon mai ke nan, kowane bugu yana tura allurar agogon injin gaba kaɗan. Ita na fara ji da na shiga ɗakin gwajin duwatsu a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina shekarar ƙarshe a jami'a, da ɗan guntun dutsen Mindif ƙulle a bakin gyalena.

Injin sabon zuwa ne. Tsayinsa ya kai na mutum, kuma ya yi kama da na matsar man gyaɗa, sai dai shi garin dutse yake matsewa, a cikin kwanson da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Yana matsa yana gasawa, har dutsen ya ji kamar an mayar da shi can ƙarƙashin ƙasa inda aka haife shi. Tun ina yarinya nake kallon tsaunin Mindif ta tagar mota ina tambayar kaina me ya gani kafin ya fito sarari. Ga shi za a ba ni dama in tambaye shi.

Masu jiran injin suna da yawa. Kowa rana ɗaya aka ba shi, tawa Alhamis. Wanda ranarsa ta wuce sai baɗi, ni kuwa ba ni da baɗi, a watan gobe zan miƙa kundina.

Mai kula da injin wani dattijon Bafillatani ne, mukan ce masa Kawu. Ran Laraba ya nuna mini yadda ake lulluɓe kwanson da wata riga fara mai kama da guntun alli, wadda ke laushi idan an matsa, ta rarraba nauyin ta kowane gefe. A aji da Faransanci muka karanta wannan, ban taɓa gani da ido ba. Ya leƙa gwangwanin garin da ake yin rigar da shi, babu komai ciki.

"Ƙare ya yi," in ji shi, yana haɗa Hausa da Fulatanci kamar kullum. "Ɓingel, 'yata, gobe ki zo da mannda. Ki daka, ki busar sosai."

Manda! Ai ni 'yar mahauci ce, a gidanmu buhunta yake, baƙin gishirin da Baba ke ba shanu su lasa kafin ranar kasuwa. Na hau mashin ina murmushi ni kaɗai. Ashe kimiyya da garke kwano ɗaya suke ci. Baba da kansa ya zaɓo mini dunƙule mafi kyau.

"Shi injin naku, saniya ce?" ya ce.

"Ta fi saniya tsada, Baba."

"To a gaishe ta."

Na daka, na tankaɗe, Inna ta ara mini kaskon tuya na busar.

Da safe na kwance ƙullin gaban Kawu ina ta rawar jiki. Ya dubi garin nan mai toka-toka, ya shinshina, ya ɗanɗana. Sai ya zauna a kan kujera ya riƙe ciki.

"Wayyo Hausawa! Mannda na ce, ta miya! Sel!"

A Fulatanci mannda shi ne gishiri, fari, na kowa da kowa, wanda ake ce wa sel da Faransanci. Na san haka sarai, na sha sayensa da sunan nan a kasuwa. Amma kunnena na gida ne ya riga ji. Manda kuwa cike take da ƙasa da kanwa, tana iya ɓata gwajin gaba ɗaya. Ko an sayo farin yanzu, sai ya kwana a tanda ya bushe. Alhamis ta tafi.

Ban yi kuka ba sai da na ga ɗalibin Juma'a yana jera kayansa. Kawu ya daina dariya, ya fita, ya daɗe. Da ya dawo ya ce, "Asabar. Sayo farin, maza."

Ran Asabar ni na riƙe hannun famfon. Allura tana hawa, Kawu yana cewa, "A hankali, ba sakwara kike daka ba." Aka kunna wuta, lambobin zafi suka haura dubu, ruwan sanyaya inji yana gudu a cikin tiyo. Babu abin da ake gani, ƙarfe ne kawai tsaye. Da la'asar ya kashe wutar farat ɗaya. Muka fasa rigar gishirin, muka yanka kwanson. Ƙarƙashin madubin ƙara girma na ga gilashi ruwan zuma, da 'yan ƙananan lu'ulu'u suna iyo a ciki kamar an tsayar da su a tsakiyar rawa. Na yi ihu har mai shara ta leƙo.

Sai bayan shekaru, a wajen wani biki a Kaele, wata abokiyar karatuna ta gaya mini cewa Asabar ɗin nan ta malaminmu ce. Ita kaɗai ya ware wa binciken kansa a shekarar, Kawu ya je ya roƙo mini ita.