Yadda Na Ɗauko Baffa Nomau Daga Jidda

Daga gida zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar ƙauyenmu na ƙasar Zazzau, wata shida bayan an sauke tutar Turawa. Sunana Bitrus, malamin asibiti ne ni, an sa ni cikin masu zuwa Jidda duba lafiyar alhazai. Amma aikin da Babana ya ɗora mini ya fi na gwamnati nauyi. Wansa, Baffa Nomau, ya musulunta ya tafi Makka a ƙasa shekara ashirin da biyu da suka wuce. Wasiƙarsa ta ƙarshe ta ce yana unguwar Ruwais a Jidda, ba shi da takardar da zai fito da ita. Baba kuwa ƙafa ta riga ta ƙi, kullum cewa yake kada ya mutu bai ga ɗan'uwansa ba.

Kafin in fita ya karɓi sabon fasfona, mai sunan Najeriya, ya yi addu'a a kansa. Ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka ce in Bature ya tafi, mu Kirista kashinmu ya bushe. Shi kuwa shekara uku yana azumi duk Laraba a majami'a don a sami 'yanci lafiya.

"Bature ne ya halicce ka?" in ji shi. "Wanda ya fid da Isra'ilawa daga Masar bai tsufa ba. Tafi ka kawo mini wana."

Motar gyaɗa ta kai ni Kano da azahar, sule shida, haƙarƙarina duk sun ji jiki.

Hartum da Bur Sudan

Jirgin sama ya sauke mu a Hartum. Daga nan jirgin ƙasa ya yi ta jan ciki da mu kwana guda da yini har Bur Sudan. Abinci wake ne da gurasa, safe da rana, har na fara gaida wake da sunansa. A bakin ruwa ɗan sanda ya juya fasfona ya ce, "Ingilizi?" Na buga ƙirji na ce, "Najeriya!" Ya buga hatimi. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Da jirgin ruwa ya tsunduma cikin Bahar Maliya, alhazai na ta kabbara, ni kuma na koma gefe na rera waƙar yabo a hankali. Ga ni ɗan Bamaguje a kan tekun da muka sha jin labarinsa a majami'a! Daga baya amai ya katse mini waƙar.

Jidda

Mun sauka ƙarfe goma na safe, zafi kamar an buɗe tanda. Da abokan aikina suka wuce Makka, ni na tsaya da marasa lafiya, don Kirista iyakarsa Jidda. Na sami sararin neman Baffa ke nan. A Ruwais na tambayi wani mai tsire, haifaffen can.

"Nomau mai ruwa? Aiwa, na san shi. Amma wallahi in ya ga mai farar riga irin taka zai gudu, ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Yalla, biyo ni."

Muka same shi da garwa biyu a kafaɗa, ya naɗe fuska da rawani saboda rana. Na durƙusa na ce, "Baffa, ni ne Bitrus na ƙaninka Tanko." Sai ya zube zaune, ruwan ya malale. Sannan ya tambaya ko tsamiyar ƙofar gida tana nan.

Ofishin ƙasarmu

A da, in ji Baffa, ba shi da wurin kai kuka, don ofishin jakadan Ingila a rufe yake shekaru. Yanzu ga ofishinmu, ga tutarmu kore da fari tana kaɗawa. Na shiga da ƙafar dama, ina taƙama da fasfona. Magatakardan dattijo ne Bakano, ana ce masa Malam Sani.

"Alhaji, ɗan wace ƙasa ne kai?"

"Talakan Sarkin Zazzau ne ni," in ji Baffa. Bai taɓa jin kansa ɗan Najeriya ba, a bayansa aka yi ta.

Malam Sani ya ce sai da shaidar ɗan'uwa na jini, don mutanen Sudan da na ƙasashen da Faransa ta mulka ma Hausa suke ji. Na miƙa fasfona da sauri. Ya karanta, ya ɗaga kai.

"Bitrus? Bitrus ɗan ƙanin Alhaji? Malam, ka yi haƙuri, wannan takarda ba ta haɗa ku ba, raba ku ta yi."

Jirgin komawa saura kwana tara. Na runtse ido na ce a zuci, ya Ubangiji, ba ka haye da ni teku don in koma hannu rabbana ba. Baffa kuwa gumi ya ishe shi, ya ce, "Halas, shi ke nan, ɗana, mu tafi," ya warware rawaninsa zai share fuska.

Malam Sani ya miƙe tsaye. "Tsaya! Ku jeru nan gaban taga."

Ya dubi kumatun Baffa, ya dubi nawa. Tsagar gidanmu ce, uku uku daga bakin leɓe, da guda gajeriya a ƙarƙashin idon hagu. Tsagar nan da na yi ta jin kunyarta a makaranta, har ina rufe ta da hannu in za a ɗauki hoto!

"Ubana wanzami ne," in ji shi. "Wannan 'yar gajeriyar ba a yi wa baƙo. Kai, har askar ma ta gida ɗaya ce." Ya jawo takarda ya buga hatimi. "Da Bature ne a kujerar nan, da sai ya ce kyanwa ce ta yakushe ku."

Muka fito ƙarƙashin tutar, ni ina kuka ina cewa halleluya, Baffa yana cewa alhamdu lillahi, ba wanda ya gyara wa wani. A nan na yarda Baba ya fi ni gani. Allah ya ba mu ƙasa, ya kuma zaunar da mai iya karanta fuskarmu.

Gida

Mun iso ranar Asabar da la'asar, ana yayyafi, gero ya kai gwiwa. An fito da Baba a kan tabarma. Baffa ya tsaya a gabansa, tsofaffi biyu suna kallon juna.

"Yaya, ka daɗe," in ji Baba.

"Hanya ce da nisa, Tanko."

Kashegari aka yi sujadar godiya a majami'a. Baffa bai shiga ba, ya shimfiɗa buzunsa a inuwar bango, amma ya aika da dabino kwarya guda a raba wa jama'a. Ina gode wa Malam Sani, da mai tsiren da ban ko tambayi sunansa ba, da Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni. Damina biyu Baba da Baffa suka yi suna cin tuwo a kwano ɗaya, kuma da ranar Baba ta zo, a cinyar wansa ya cika.