Mahmud Sada, Littafin Malam Yari Zai Fito

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran Mahmud Sada, mai tsara littattafai a maɗaba'ata da ke Ƙofar Ƙwaya, bayan gajeruwar jinya.

Ni na kafa wurin nan da hannuna, daga injin fotokwafi ɗaya a bakin Babbar Kasuwa, kuma ban saba wani ya koya mani aikina ba. Kai kaɗai na saurara wa, Mahmud. Bara da ka ce mu sauya babbar manhajar kwamfutocinmu, mu bar Windows mu koma Linux, na ce in wani abu ya lalace, wuyanka. Ka yi dariya ka ce, "Alhaji, ƙaurar ba wuya. Wajen sabunta kaya ne za ka gaji da ni."

Haka kuwa aka yi. Manhajar LaTeX da muke jera rubutu da ita tana da ƙananan kaya birjik, wannan na Larabci, wancan na tsarin shafi, in ba a sabunta su ba wata rana sai su daina jituwa. Ba ka taɓa sabunta su kai tsaye a babbar kwamfuta ba. Sai ka gwada a tsohuwar laftof, ka buga shafi, ka ɗora shi kan tsohon bugu, ka fita ƙofar shago ka ɗaga su ga rana. In layi ya goce ko kaɗan, ba mai taɓa babbar. 'Yan acaba suna tsokanarka, wai kana duban wata da rana tsaka. Kai kuma ka ce, "In na gan shi, ku za ku fara ɗaukar azumi."

Ɗalibin da kundinsa ya rikice, kai kake zaunar da shi, ka miƙa masa shayinka, ba ya tashi sai an warware.

Ka tafi ka bar littafin Malam Yari na Gobarau, sharhin fiƙihu da Larabci da Hausa, bai ƙare ba. Malam ya tsufa, idonsa na ja baya, burinsa ya karantar da shi da azumin bana tun yana gani. Abokan sana'a sun ce in kai aikin Kano. Na ƙi. Iyakata sakandare, amma na sha tsayawa bayanka ina kallo. Jiya na sabunta kayan a laftof ɗinka, Larabcin ya goce, na bar babbar kwamfuta yadda take. Yau zan sake, gobe ma haka. Na je har zauren Malam na ce masa a Katsina littafinsa zai fito, kafin a ga wata, da sunanka a ciki.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa karatun da za a yi da littafin nan ya riƙa isa gare ka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Sabuwa, da matarka Ramla da 'ya'yanku. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan.