Karan Madina

Duk wanda ya san Maharazu mai gyaran injin markaɗe a Daura ya san mutumin nan ba ya zama. A tsaye yake shan koko, a tsaye yake gaisawa da jama'a, kafin ka gama tambayarsa iyali har ya sha kwana. Matarsa Siddiƙa takan ce tabarmar zaurensu ta shekara goma tana nan sabuwa fil. Mutumin kirki ne, amma akwai gajiyar da mutane.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Katsina ya sayi wata tsohuwar Fijo, kuma tun daga nan duk dogon hutun makaranta, damina na tsaka, sai ya kwashi iyali ya kai su wurin mahaifiyarsa, Inna Zinariya, a wani ƙauye gaba da Baure. Sunanta tafiyar hutu, amma yini ɗaya ce tak. Hujjarsa kullum ita ce kwarin da ke bakin ƙauyen: da ruwa ya sauka zai cika, mota ba ta ƙetarewa sai an kwana biyu.

Inna ta daɗe da rasa ganinta, sai ta samo dabarar ganin jikokinta. Duk zuwa takan tsayar da yaro a jikin bango, ta dafa kansa, ta karya karan dawa daidai tsayinsa, ta soke a rufin ɗakinta. Idan kewa ta dame ta sai ta zaro karan ta shafa, ta gwada na bana da na bara. Zakiyyu yana da kara biyar, Kubura uku. Madina, autarsu 'yar shekara uku, ba ta da ko ɗaya, don Inna ba ta auna yaron goye, bara kuma zazzaɓi ya hana a zo da ita. Tun da aka ba da hutu yarinyar ba ta da zance sai na karanta.

Tafiyar ta bana tun daga ƙofar gida ta fara cin ran Maharazu. Zakiyyu ya manta takalmi. Ba a yi nisa ba Kubura ta ce fitsari, aka tsaya, ta ce ya koma. Madina ta miƙe tsaye a kan kujera, duk bishiyar da aka wuce sai ta ce, "Baba, mun zo?" Ƙosai ya zube, aka yi faɗa kan wa zai zauna kusa da taga. Shi kuwa ido ɗaya a titi, ɗaya a gabas inda hadari ke haɗowa. Da suka isa, Madina ta gaji da tsalle-tsalle, barci ya kwashe ta a mota.

Inna ta auna Zakiyyu tana tsokanarsa, wai maigidan nata ya fara ƙasumba, ta auna Kubura, sannan ta miƙa hannu. "Ina ƙawar tawa?"

"Tana barci, Inna," in ji Maharazu, yana kaɗa makullin mota. "In aka tashe ta rigima za ta yi. Ga hadari ya taso. Sai baɗi in Allah Ya kai mu."

Inna ta jingine karan da ta tanada a bango. Siddiƙa ta ce, "Malam, ko furar ba mu sha ba." Ya ce a juye a kwano a sha a hanya.

Sun ƙetare kwarin ke nan aka fara yayyafi, Maharazu ya yi ajiyar zuciya, ganin ya tsira da ƙyar. Sai ga murya daga baya: "Baba, mun zo?"

Kubura, wadda bakinta ba ya riƙe magana, ta ce ai har an dawo, an auna kowa ban da ke. Da Madina ta yi ihu, da ya san abin yi. Ba ta yi ba. Komawa ta yi ta lafe a kujera, hawaye na zuba, ba ta ƙara tambayar komai ba. Ya dube ta a madubi, ya tuna hannun Inna a miƙe, kunya ta kama shi. Tsohuwar da ta haura tamanin ya ce wa sai baɗi, kamar baɗin a aljihunsa take.

Tun da ya fara tuƙi bai taɓa juya mota don wani ba. Ranar ya juya. Suna sake ƙetare kwarin, sai ruwa ya kece, hanyar Daura ta rufe a bayansu.

Madina ta tsaya a jikin bango ƙyam, ta sanƙare wuya, har da ɗage don ta ƙara tsawo. Inna ta dafa kanta, ta danna ta ƙasa tana dariya, ta karya karan. Shi kuma Maharazu ya shiga safa da marwa tsakanin ƙofa da tsakar ɗaki, yana leƙen sama, yana tunanin injunan mutane da ya baro a shago.

"Kai ma zo ka tsaya," in ji Inna.

"Haba Inna, ni da furfurata?"

Ta laluba rufin ɗakin, can ƙurya, ta zaro wani tsohon kara, gajere, hayaƙi ya mai da shi baƙi. Ta miƙa masa. Da ya kafa shi a ƙasa, iyakarsa ƙirjinsa.

"Naka ne na ƙarshe, kana shekara tara. Ban daina tanadar maka kara ba. Kai ne ba ka sake tsayawa ba."

Makullin ya daina kaɗawa a hannunsa. Ya cire hula, ya jingina bayansa da bango. Hannun Inna bai kai kansa ba, sai da Siddiƙa ta kawo turmi ta riƙe ta ta hau. Tsohuwar ta ɗora tafinta a kansa, ta bar shi a wurin, ko karan ba ta nema ba. Shi kuma bai motsa ba.